Waiwaye: Littattafan da suka fara nuna wa duniya abin da ido ba ya gani

Can wajen ƙarshen littafin Micrographia akwai wata takarda da aka ninke don ta shiga cikin bango. Idan aka warware ta a hankali, faɗinta ya kusa rabin mita, kuma abin da ke kanta ƙuma ce guda ɗaya tak. Ga sulken da ya rufe mata jiki, falle a kan falle kamar na mayaƙi, ga gashi tsitsiye a ƙafafunta, ga ɗan idonta ƙuru. Mutanen Landan da suka buɗe wannan shafi a watan Janairun 1665 sun saba murtsuke ƙuma da farce tun suna yara, amma ranar ce suka fara ganin fuskarta.

Wanda ya rubuta littafin, Robert Hooke, yana da shekara 29 a lokacin, kuma shi ne mai kula da gwaje-gwaje a ƙungiyar masana ta Royal Society wadda aka kafa a 1660. Sule 30 aka sa wa littafin, kuɗin da ba kowa ke iya fitarwa ba. Samuel Pepys, wani babban ma'aikacin rundunar ruwan Ingila, ya saya, ya kuma rubuta a kundin da yake ajiye labarin kwanakinsa cewa ya kai ƙarfe biyu na dare yana karantawa, bai taɓa karanta littafi mai hikima kamarsa ba.

Ba Hooke ne ya fara duba ƙananan halittu ta gilashin ƙara girma ba. Tun 1625 wani Ba'italiye, Francesco Stelluti, ya zana ƙudan zuma kamar yadda ya gan shi ta cikin gilashi, kuma a shekarar ce abokinsa Giovanni Faber ya raɗa wa na'urar sunan da Turawa ke kiranta da shi har yau, wadda mu muke ce wa madubin likita. A 1661 Marcello Malpighi na Bolonya ya duba huhun kwaɗo ya ga siraran hanyoyin da jini ke bi ya tsallaka daga jijiyoyin da ke kai shi zuwa masu dawo da shi. Idan aka ƙara ja da baya ma, ilimin haske da gani da duk suka dogara a kansa yana da sawun Ibn al-Haitham, wanda aka buga fassarar Kitabul Manazir nasa da Latin a birnin Basel a 1572. Abin da Hooke ya fi su da shi shi ne hannun zane da kuma rubutu da harshen da mutanen gari ke ji.

Littafin na ɗauke da bincike 60 da zane-zane shafi 38 da aka sassaƙa a farantan tagulla. Ya fara da abin da hannun ɗan Adam ya ƙera: tsinin allura, wanda ya fito dakusasshe mai gargada, da kaifin aska, da ɗigon aya na rubutun ɗab'i wanda ya zama kamar an watsa taɓo. Daga nan ya koma kan halittun Allah, inda kuwa duk yadda ya ƙara girman abu sai ya ƙara ganin tsari. Wahalar aikin na cikin bayanansa. Hasken rana a Landan ba abin dogaro ba ne, sai ya ajiye fitila a bayan wata kwalba mai kamar ƙwallo cike da ruwa don ta tattaro haske ta zuba a kan abin da yake dubawa. Tururuwa ta ƙi tsayawa, sai da ya tsoma ta a barasa ta sandare, bayan kamar awa guda ta farfaɗo ta gudu. Kwarkwata kuwa bayan hannunsa ya ba ta ta sha, yana kallon jininsa na gangarawa cikin cikinta.

A bincike na 18 ne ya yanko siririn ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Ya ƙiyasta sun haura miliyan 1,200 a gutsuren da bai wuce inci ɗaya ta kowane gefe ba. Sunan da ya ba su, "sel", shi ne ɗan sakandare ke haddacewa yau idan an zo darasin ƙwayar halitta.

Watanni kaɗan da fitowar littafin annoba ta faɗa wa Landan, ta kashe kusan mutum 100,000. Abin da ke taɓa zuciya shi ne, mai yaɗa cutar na nan zane a shafin da kowa ke sha'awa, ba wanda ya sani. Sai a 1898 Paul-Louis Simond ya nuna a Karachi cewa ƙumar ɓera ce ke ɗauko ta. Annoba na lafawa, gobarar Satumban 1666 ta tashi. Masu sayar da littattafai na harabar majami'ar St Paul, inda shagon mabuga Micrographia yake, sun kwashe hajarsu sun ɓoye a ɗakin ƙarƙashin ginin, wuta ta bi ta can ta cinye. An sake fitar da littafin a 1667, kuma farantan tagullar sun yi tsawon rai har aka sake buga zanen da su a 1745.

A tsallaken teku, a garin Delft na ƙasar Holan, akwai wani mai sayar da yadi, Antonie van Leeuwenhoek. Bai yi jami'a ba, ba ya jin Latin, ba ya jin Turanci. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Kantin Kwari ya san yadda ake ɗaga ƙyalle a ƙura wa saƙarsa ido kafin a yi ciniki. 'Yan yadin zamaninsa da gilashi suke ƙirga zare. Shi sai ya wuce nan, ya koyi goge ƙwayar gilashi ƙarama kamar ƙwayar gero, ya maƙale ta tsakanin 'yan farantai biyu na ƙarfe. Mafi ƙarfin waɗanda suka rage tana ƙara girman abu fiye da sau 250, alhali na Hooke bai wuce sau 50 ba.

Daga 1673 ya fara aika wasiƙu Royal Society da harshensu na Holan, ya yi shekara 50 yana aikawa, har suka kusa 200. A ta 9 ga Oktoban 1676 ya ce ya jiƙa masoro a ruwa, ya ga ƙananan dabbobi masu rai ba iyaka suna iyo a ɗigo guda. Masanan Landan suka yi shakka, kuma ni ban ga laifinsu ba, don mutumin ya ƙi nuna wa kowa yadda yake yin gilashinsa. Sai da ya aiko da takardun shaida na mutum takwas, ciki har da limaman coci, sannan Hooke da kansa ya maimaita gwajin ya nuna wa taron ƙungiyar a watan Nuwamban 1677. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa ya zana abin da ya gani, zanen da ake ɗauka a matsayin na farko na ƙwayoyin bakteriya. An tattara wasu daga wasiƙun da Latin a 1695 da sunan Arcana Naturae Detecta.

A nan ne darajar takarda ke fitowa. Leeuwenhoek ya ƙera madubai kusan 500, waɗanda suka rage ba su wuce goma da 'yan kai ba. Guda 26 na azurfa da ya bar wa Royal Society wasiyya, waɗanda 'yarsa Maria ta aika bayan rasuwarsa a 1723, sun ɓace a ƙarni na 19. Wani madubin nasa daban ya fito fili a 2014, an tsince shi cikin taɓon da aka yaso daga magudanar ruwan Delft. Wani na azurfa an yi gwanjonsa a gidan gwanjo na Christie's a 2009 kan fam 313,250. Ƙarfe ya salwanta, amma wasiƙun da littattafan na nan, domin takardar lokacin da tsummoki ake yinta, irin dai mai tambarin jinjirin wata uku da malamanmu suka rubuta littattafansu a kai. Idan ta tsira daga gara da damshi takan yi ɗaruruwan shekaru. Aikin wani masani ɗan Holan, Jan Swammerdam, a kan ƙwari ma haka ya yi ta yawo hannu zuwa hannu bayan rasuwarsa a 1680, sai a 1737 likita Herman Boerhaave ya fara buga shi.

Yau cikakken bugun farko na Micrographia dubun-dubatar fam yake yi a gwanjo, kuma abin da mai saye ke fara dubawa shi ne ko shafukan zanen 38 sun cika, ko ninkin ƙuma da na kwarkwata sun yage an lilliƙe. Wannan tsada tana da illa. Akwai dillalan da ke farke tsofaffin littattafai su sayar da zanen ɗai-ɗai don a rataya a bango, wai sun fi kawo kuɗi a haka. Ina ganin wannan ɓarna ce babba, domin zanen ƙuma da aka raba da bayanin yadda aka kama ta aka haska ta ya tashi daga hujja ya koma ado. Wanda kuma ya shige akwatin ƙarfen attajiri, sai a yi shekaru ɗalibi bai sa shi a ido ba. Sauƙin da aka samu shi ne an ɗauki hoton littafin gaba ɗaya an ɗora a intanet, mai waya a hannu zai iya buɗe shafin ƙumar kyauta.

Har yanzu ana tsintar sababbin abubuwa a tsofaffin takardun nan. An gano wani kundi mai shafi sama da 500 da rubutun hannun Hooke a cikin kabad ɗin wani gida a yankin Hampshire, ciki har da bayanin ranar da aka gaskata Leeuwenhoek. Ana dab da buga gwanjonsa a watan Maris na 2006 Royal Society ta fanshe shi kan kusan fam miliyan ɗaya. Kafin nan, a 1981, wani masani, Brian Ford, yana bin wasiƙun Leeuwenhoek ɗaya bayan ɗaya a ma'ajiyar ƙungiyar, sai ya ci karo da 'yan ƙunshin takarda manne a jikin wasu. Da ya buɗe na 1674 ya tarar da siraran yankan ɓawon itace da mai yadin ya yanka da askarsa, shekara 307 suna nan a naɗe. Ya ɗora su a ƙarƙashin madubin zamani, 'yan ɗakunan suka fito sarai.