Me ake nufi da "cikakkiyar ƙima" a lissafi?

Tun da masu koyar da lissafi da Hausa suka yawaita a Facebook da TikTok, kalmar "cikakkiyar ƙima" ta zama ruwan dare. Ita ce lambar nan da ake sakawa tsakanin sanduna biyu, kamar |−7|. Kusan duk wanda na saurara, bayaninsa ɗaya ne: "Ka share alamar ragi kawai, shi ke nan." Amsa ta fito 7, ɗalibi ya gyaɗa kai, a wuce gaba. Ni kuwa wannan "kawai" ɗin ce ke ba ni haushi.

Shi kansa sunan bai taimaka ba. In ka ce cikakkiya, sai mai sauraro ya zaci sauran lambobi tauyayyu ne. Asalin kalmar Turancin da aka fassara, absolute, daga Latin take, absolutus, wato abin da aka kwance aka sake shi. Daga me aka kwance lambar? Daga ɓangaren da take. Tambayar da sandunan ke yi ita ce: taku nawa ne tsakanin wannan lamba da sifili a kan layin lambobi, ba ruwanmu da hagu take ko dama. Da ni aka tambaya, da "tazarar lamba" na raɗa mata. Sandunan ma ba su daɗe can can ba, Bajamushen nan masanin lissafi Karl Weierstrass ne ya shigo da su a 1841.

Inda asirin "share alama" ke tonuwa shi ne a takardar giraf. Ɗauki ɗigo biyu, (−3, 4) da (5, 4), inda lambar farko ke nuna wurin ɗigon a kwance, ta biyu kuma a tsaye. Lambarsu ta biyu iri ɗaya ce, 4, don haka suna kan layi ɗaya a kwance. Mene ne nisan da ke tsakaninsu? Ɗalibin da ya haddace sharewa zai fara goge alamar da ke jikin 3, ya ce 5 a debe 3, saura 2. To, sa yatsa a kan takardar ka ƙirga gidajen. Daga −3 zuwa sifili gida uku, daga sifili zuwa 5 gida biyar. Takwas ke nan. Ina gida shida suka shiga?

Debewa ake fara yi, lambobin na ɗauke da alamominsu, sannan sanduna su yi aikinsu a kan sakamakon: |−3 − 5| = |−8| = 8. In ka juya su, |5 − (−3)|, takwas ɗin ce dai, domin nisan zuwa shi ne nisan dawowa.

Abin da ya sa kuskuren ke daɗewa a kan yaro shi ne ba kullum yake kayar da shi ba. In ɗigon biyu suna ɓangare ɗaya na sifili, kamar (−9, 4) da (−3, 4), ya goge alamomin ya debe, 6 zai samu, kuma daidai ne. Sai ya ƙara sakankancewa da dabararsa, har ranar da sifili ya faɗo tsakiya. Haka wanda aka ce masa |−x| kullum x ne. A ba x ɗin −2 a gani: |−x| ta zama 2, alhali x ɗin −2 ce.

A tsaye ma haka abin yake, lambobi na biyu ake debewa: tsakanin (2, −6) da (2, 1) gida bakwai ne.

Sai wani wurin da masu bidiyon kan tsallake. Wannan debewa guda ɗaya tana aiki ne in ɗigon biyu sun haɗa layi, a kwance ko a tsaye. Tsakanin (1, 2) da (4, 6) akwai gida uku a kwance, huɗu a tsaye. In ka tara ka samu 7, ka auna tafiyar wanda ya bi layukan takardar ne ya sha kwana. Wanda ya ratsa kai tsaye, ƙa'idar Pythagoras zai nema: 3 sau 3 tara, 4 sau 4 sha shida, jimla 25, lambar da in aka ninka ta a kanta za ta ba da 25 kuwa ita ce 5.