Abin yankan siga: ire-irensa da yadda ake aiki da shi

Siga ita ce babbar tabar nan mai kauri irin ta Kuba da ake naɗewa da ganyen taba zalla, ba takarda kamar sigari. Bakinta na sha a rufe yake zuwa, an manna masa ɗan ganye kamar hula, to sai an yanke hular nan kafin hayaƙi ya bi. Ƙarfen da ake yankan da shi wasu na ce masa kota.

Wanda aka fi sani shi ne gilotin, sunan ya samo asali ne daga injin fille kai na Faransa, rami ne a tsakiya da wuƙa ɗaya ko biyu. Mai wuƙa biyu ya fi, don ta ko'ina yake cin ganyen lokaci guda, mai ɗaya kuwa dannewa yake ta gefe har ya yaga. Akwai mai tsagawa kamar harafin V, akwai fonc da ke huda ɗan rami kawai, sai almakashi. Fonc bai aiki a kan siga mai tsinin baki irin tofido.

Wajen saye a duba faɗin ramin. Kaurin siga da kashi ɗaya cikin 64 na inci ake aunawa, wato mai lamba 50 ta kai kusan santimita 2, in ramin ya yi kaɗan an yi asara. Kamfanonin kota irin su Xikar da Colibri sun yi suna, amma gaskiya kaifi ne magana ba suna ba, dakusasshe ko na nawa ne murƙushe ganyen zai yi.

Yankan kansa milimita 2 zuwa 3 ne kacal, a tsaya kafin inda hular ta ƙare, a datse sau ɗaya da sauri, ba a yi ta gurza kamar mai yanka ganda ba. In aka zarce, naɗin sai ya fara warwarewa a baki.

Matsalar mu nan Katsina hunturu ne. Siga tana son danshi wajen kashi 70 cikin ɗari, shi ya sa ake ajiye ta a akwati na musamman, to wadda ta kwana biyu a aljihun mota a Janairu ta bushe ƙamas, ana sa mata wuƙa za ta dare, ba laifin kota ba ne. Masu rashin kota kan ɗauki sabuwar reza su zagaye hular a hankali, ya fi cizo da haƙori nesa ba kusa ba.

Illar siga dai tana nan, tana jawo kansar baki da maƙogwaro ko ba a haɗiye hayaƙin ba, kuma dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba.