Tsara Birane Masu Jure Sauyin Yanayi

Tsara birane masu jure sauyin yanayi reshe ne na ilimin tsara gari da ke duba inda za a yi gini, da kayan da za a yi shi da su, da wuraren da ya wajaba a bar su fili, domin gari ya iya jure ambaliya, tsananin zafi, fari da hauhawar ruwan teku ba tare da harkokinsa sun tsaya cik ba. Ya sha bamban da aikin rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Wancan yana neman tsayar da matsalar daga tushe, wannan kuwa shiri ne na zama da abin da ya riga ya iso. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 sun nuna kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke zaune, kuma ana hasashen adadin zai kai kashi 68 nan da 2050. Ke nan ba a gina da yawa daga cikin unguwannin da waɗannan mutane za su zauna ba tukuna, kuma titi ko magudanar da aka shimfiɗa yau za su daɗe suna aiki bayan yanayin da aka auna su da shi ya sauya.

Ruwan sama da ambaliya

A daji ko gona, ƙasa tana shanye kaso mai yawa na ruwan sama, tsirrai su riƙe wani, saura ya gangara a hankali. Idan aka rufe ƙasar da kwalta da kankare da rufin gidaje, kusan dukkan ruwan yakan kwarara lokaci guda zuwa magudana. Ga kuma ƙarin matsala: duk sa'ad da zafin iska ya ƙaru da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari, shi ya sa mamakon ruwa ke daɗa ƙarfi.

Tsohuwar dabarar injiniyoyi ita ce a kori ruwa daga gari da gaggawa ta manyan bututu da kwalbatoci. Har yanzu ana yin haka, wani lokaci da aiki na ban mamaki. A Kasukabe kusa da Tokyo, Japan ta kammala wani rami a 2006 mai tsawon sama da kilomita 6, kimanin mita 50 a ƙarƙashin ƙasa, wanda ke janye ruwan ƙananan koguna zuwa kogin Edo. A Kuala Lumpur ta Malesiya kuwa, ramin da aka buɗe a 2007 hanyar mota ce a ranakun lafiya, idan ruwa ya yi yawa sai a rufe shi ya koma magudana. Irin waɗannan ayyuka suna da tsada ƙwarai, kuma kowane bututu yana da iyakar abin da zai ɗauka.

Sabuwar dabarar ita ce a ba ruwa wurin tsayawa a cikin garin kansa. Birnin Copenhagen na Denmak ya koyi wannan darasi ranar 2 ga Yulin 2011, lokacin da ruwa kimanin milimita 150 ya sauka cikin kusan sa'o'i biyu, ya jawo asarar biliyoyin kuɗin ƙasar. A 2012 birnin ya amince da shirin tunkarar mamakon ruwa, wanda ya mayar da wasu tituna hanyoyin ruwa na wucin gadi, wasu lambuna kuma matattarar ruwa. Lambun Enghave misali ne da ya cancanci a duba shi da kyau. An kewaye shi da gajeriyar katanga da mutane ke zama a kai, filin wasansa kuma yana cikin kwari. A ranar ruwa mai tsanani ana rufe ƙofofin katangar, lambun gaba ɗaya ya zama tafki mai ɗaukar lita sama da miliyan 22, har magudanan gari su sami sarari. Rotterdam ta Holand ta yi makamancin haka a dandalin Benthemplein a 2013, inda filin ƙwallo da matakalan zama ke cika da ruwa in an yi ruwan sama, su bushe daga baya.

Ƙasar Sin ta ɗauki wannan tunani a matsayin manufar gwamnati da sunan "birnin soso". An fara gwaji a birane 16 a 2015, aka ƙara 14 a 2016, da burin cewa nan da 2030 kashi 80 na faɗin biranen su riƙa shanye ko adana kashi 70 na ruwan da ya sauka a kansu, ta hanyar daɓe mai shan ruwa, fadamu da tafkuna. Sai dai abin da ya faru a birnin Zhengzhou na Sin a Yulin 2021 ya nuna iyakar dabarar. Ruwa sama da milimita 200 ya sauka cikin sa'a guda, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ya cika da ruwa da fasinjoji a ciki, ɗaruruwan mutane suka rasu. Babu ƙasar da za ta shanye irin wannan ruwa. Abin da ke ceton rai a irin wannan rana shi ne gargaɗi da wuri da rufe hanyoyi kafin ruwa ya iso.

Zafi

Tun farkon ƙarni na 19 wani masanin yanayi ɗan Ingila, Luke Howard, ya auna ya gano cewa tsakiyar Landan ta fi ƙauyukan da ke kewaye da ita zafi, musamman da dare. Kwalta da siminti suna ɗaukar zafin rana su sake shi bayan faɗuwarta, dogayen gine-gine suna tare iska, na'urorin sanyaya ɗaki kuma suna fitar da zafin cikin gida zuwa titi. Zafi ba ya rushe gida, don haka ba a cika ɗaukarsa da muhimmanci ba, alhali zafin bazarar 2003 ya kashe mutum sama da 70,000 a Turai.

Magungunan ba su da wuyar ganewa: inuwa, rufi mai haske, da hanyar iska. Stuttgart ta Jamus, wadda ke cikin kwari, ta daɗe tana taƙaita gini a wasu gangaren tsaunukanta domin sanyin dare ya riƙa saukowa cikin gari. Medellín ta Kwalambiya ta dasa bishiyoyi a layuka 30 na tituna da bakin rafuka daga 2016. Ahmedabad ta Indiya, bayan zafin 2010 ya hallaka mutum sama da dubu, ta fito da shirinta a 2013: gargaɗi bisa hasashen yanayi, horar da ma'aikatan asibiti, sannan daga baya shafa wa rufin gidajen talakawa farin fenti. Cikin duk dabarun fannin nan, da wuya a sami wadda ta fi wannan arha.

Bakin teku da ƙarancin ruwa

Bayan ambaliyar teku ta 1953 ta kashe mutum sama da 1,800 a Holand, ƙasar ta gina jerin madatsun teku, Landan ta samu shingen kogin Thames a farkon shekarun 1980, Venice ta Italiya kuma ta fara ɗaga ƙofofinta na tare ruwa a 2020. Duk da haka Holand ɗin ce daga baya ta koma ba kogi fili: a Nijmegen an ja jingar kogin Waal baya da mita 350. A Jakarta kuwa ba teku kaɗai ke hawa ba, ƙasar ce ke nutsewa saboda yawan janyo ruwa ta rijiyoyin burtsatse, don haka katanga kawai ba za ta wadatar ba sai an kai wa jama'a ruwan famfo. Cape Town ta Afirka ta Kudu ta fuskanci akasin haka a 2018, lokacin da fari ya sa aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana.

Wa ke zaune a wurin haɗari

Sama da mutum biliyan ɗaya ne ke zaune a unguwannin da ba a tsara ba, kuma galibi a bakin rafi, cikin fadama ko a gangaren dutse, domin nan ne fili ke da sauƙin samu. Zaftarewar ƙasa a Freetown ta Saliyo a Agustan 2017, wadda ta ci rayuka sama da dubu idan an haɗa da waɗanda suka ɓace, ta auku ne a gangaren da aka sare dajinsa aka cika da gidaje. Taswirar da ke nuna wuraren haɗari ba ta da amfani idan ba a tanadar wa mutane wani fili kusa da wurin neman abincinsu ba; in an tashe su, sukan dawo. Akwai kuma wata matsalar da masana ke yawan ambata: unguwar da aka ƙawata da bishiyoyi da lambuna kuɗin hayarta yakan tashi, har waɗanda aka yi aikin dominsu su kasa zama. Saboda haka shirye-shirye da dama yanzu suna haɗa aikin magudana da dashen bishiyoyi da ba mazauna takardun mallakar filayensu, tare da ware kuɗin yashe magudanan da shayar da bishiyoyin a kasafin kowace shekara.