Dankalin turawa a girkin gida

Dankalin turawa, wanda a kasuwa za ka ji wasu na ce masa arish, amfanin gona ne da yake yin ƙwayarsa a ƙarƙashin ƙasa, sunansa na kimiyya Solanum tuberosum. Dangi ɗaya suke da tumatir da barkono da gauta, ba shi da alaƙa da dankalin hausa mai zaƙi duk da sunan da suka haɗa. Kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa ruwa ne, sauran yawanci sitaci, ga bitamin C da sinadarin fotasiyam. Bai daɗe da shigowa ƙasar Hausa ba in aka kwatanta da gero ko dawa, amma yanzu ya samu wajen zama sosai a kicin, musamman a birni.

Asali da inda ake nomansa

Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, yankin Peru da Bolibiya wajen tafkin Titikaka, inda mutanen wurin suka fara nomansa sama da shekara 7,000 da suka wuce. Sifaniyawa ne suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu har ya zama abincin talakan Ayilan, shi ya sa da cuta ta kama shukar a 1845 aka yi yunwar da ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya. Yau Sin ce kan gaba wajen nomansa a duniya sai Indiya.

A Najeriya ya kafu ne a tudun Jos zamanin Turawan haƙar kuza, dan shuka ce mai son sanyi, in zafi ya yi yawa sai ta yi ta ganye ba ƙwaya. Har gobe jihar Filato ce uwa a harkar, Bokkos da Mangu da Barikin Ladi da Pankshin, akwai kuma tashar bincike kan dankali a Kuru. Ana yinsa a Mambila ta jihar Taraba, a Kano da Kaduna kuma sai da noman rani lokacin hunturu. A Nijar an san na tsaunukan Ayar a jihar Agadas da na Bonkuku wajen Filinge. Irin da aka fi jin sunansu a bakin manoman Filato akwai Nicola da Marabel.

Fate

In dai maganar girkin gida ake to fate ne gaba, dan shi ne yake ciyar da gida guda da dankali kaɗan kuma babu ɓarnar mai. Ana fere dankalin a yanka shi manya-manya, in aka yi ƙanana narkewa zai yi tun kafin kayan miya su nuna. Sai a ɗora tukunya da manja ko man gyaɗa, a soya albasa, a zuba jajjagen attaruhu da tattasai da tumatir a soya har tsamin ya fita mai ya taso, sannan a tsaida ruwa, in akwai romon nama ya fi. A sa gishiri da maggi da citta da tafarnuwa, da kifi banda da aka gyara ko hanta ko naman da aka riga aka tafasa. In ya tafaso a zuba dankalin.

Inda da yawa suke kuskure shi ne ruwa. Dankalin turawa ba ya shan ruwa kaman doya, shi ma nasa ruwan yake saki, dan haka ruwan ya tsaya daidai kan dankalin ko ma ƙasa kaɗan, in ya wuce kansa to farfesu za a samu ba fate ba. Cikin minti 15 zuwa 20 ya nuna, sai a danne 'yan ƙwayoyi da bayan ludayi a jikin tukunya a juya, nan take romon zai yi kauri ba sai an sa komai ba. Alayyahu da lawashi su ne ƙarshe, a zuba a rufe minti biyu a sauke, in suka daɗe a wuta launin ya tafi ɗanɗanon ma haka. Wasu gidajen suna haɗawa da wake dan ya ƙara auki, amma sai an fara dafa waken ya yi laushi tukunna, wasu kuma su jefa dankalin hausa kaɗan saboda ɗan zaƙin nan da yara ke so.

Soyayye

Wannan shi ne na karin kumallo da shayi, kuma shi ne na azumi, da wuya ka ga farantin buɗa baki a Kano ko Kaduna babu dankali da ƙwai a gefen ƙosai da kunu in dai da hali, shi ya sa kuɗinsa kan tashi da an ga wata. Ana yanka shi dogo-dogo, abin da ake kira cips, ko kuma zagaye-zagaye. Sirrin bai wuce uku ba: a wanke shi bayan yankawa har ruwan ya daina fari dan sitacin ya fita, a tsane shi sosai a kwalanda, sannan mai ya yi zafi kafin a zuba, ana gwadawa da yankan albasa, in ta taso tana ƙara to ya yi. Kar a cika kaskon dan a gama da wuri, yawan dankali yana kashe zafin man sai ya koma dahuwa, ya fito laɓe-laɓe ya sha mai. Kuma a bar shi ya kama jikinsa kafin a fara juyawa. A Beljiyam, inda suka shahara da shi, sau biyu suke soyawa, na farko a mai mara zafi sosai dan cikin ya nuna, a kwashe ya huce, na biyu a mai mai zafi dan bayan ya yi ƙaras-ƙaras, kuma dabarar tana aiki ko a kan risho ne.

Ƙwan ko a soya shi daban da albasa da attaruhu, ko a kaɗa a juye kan dankalin a kasko su kama juna, ko a tafasa dankalin a tsoma a ruwan ƙwai a soya yanda ake wa doya.

Sauran hanyoyi

Dafaffe da mai da yaji shi ne mafi sauƙi, kuma in dankalin sabo ne gaskiya ba ya buƙatar wani ƙari. Ana cinsa da miyar ƙwai ko ta kabeji da karas, ana jefa shi a farfesun kaza ko na kayan ciki, ana yanka dafaffe a salak da ƙwai da Bama. In aka daka shi da niƙaƙƙen nama aka cura aka soya ya zama abin tarbar baƙi, dankalin ne kuma ke cikin samosa da mitfai. Wanda aka dame da madara da ɗan bota yana da kyau ga yaron da aka fara ba abinci da tsoho mara haƙori. Masu obin suna gasa shi da kaza da kori da tayim.

Saye da ajiya

A zaɓi mai tauri mai santsin baya, a guji wanda ya yamushe ko ya yi tsiro ko ya yi kore. Koren nan alama ce ya sha haske, kuma yana tafe da wata guba da ake kira solanin wadda dahuwa ba ta kashe ta, tana sa ɗaci da ciwon ciki da amai. In kaɗan ne a yanke wajen da zurfi, in ya yi yawa a zubar kawai kar a ji asara. Ajiyarsa a wuri mai duhu mai iska, a baza a ƙasa ko a kwando, ba cikin leda ba, kuma kar a wanke sai za a girka. Firji ba wajensa ba ne, sanyi yana maida sitacin sikari sai ya yi saurin yin baƙi a mai. Wanda aka fere bai samu shiga tukunya ba a bar shi cikin ruwa. Masu ciwon suga kuma su ci da lissafi, dan yana saurin ɗaga suga a jini, su yawaita ganye a kai su rage yawan dankalin.