Chishao (Jar Saiwar Fiyoni)

Chishao busasshiyar saiwa ce ta wani tsiro mai manyan furanni da ake kira fiyoni. Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin suna ba da ita ga cututtukan da suke dangantawa da jini. Kundin magunguna na hukumar ƙasar ya amince da tsiro biyu a matsayin tushenta: Paeonia lactiflora, mai fitowa a daji a Mongoliya ta Gida da Hebei da lardunan arewa maso gabas, da kuma Paeonia veitchii na tsaunukan Sichuan da Gansu. Wadda ake haƙowa a gundumar Duolun da ke Mongoliya ta Gida ta fi suna a kasuwa.

Akan rikita ta da 'yar uwarta, farar saiwa mai suna baishao, har wasu na zaton launin fure ne ya raba su. A yau dai bambancin yana wajen sarrafawa. Baishao nomawa ake yi, musamman a Bozhou da ke lardin Anhui, a dafa saiwar a tafasasshen ruwa, a kankare ɓawon, sannan a shanya. Chishao kuwa, da bazara ko kaka ake haƙo ta, galibi daga daji, a kakkaɓe ƙasar a shanya ta a rana da ɓawonta. Tsohon littafin magani na zamanin daular Han, Shennong Bencao Jing, bai raba su ba, suna ɗaya ya ba su. Sai a hannun masanin magani Tao Hongjing (456–536) aka fara ambaton ja da fara daban.

A lissafin likitocin gargajiyar Sin, chishao mai ɗaci ce, mai ɗan sanyi, kuma aikinta yana bin hanyar hanta. Sukan ce tana sanyaya jinin da ya yi zafi, tana kuma motsa jinin da ya kwanta. Don haka ake ba da ita ga ciwon mara lokacin al'ada, da ɗaukewar al'ada, da kumburin faɗuwa ko bugu, da maruru, da jan ido. Wannan zafi da kwanciyar jini fahimta ce ta tsarinsu, ba abin da ake aunawa a ɗakin gwaji ba. Da wuya a sha ta ita kaɗai. Likita Wang Qingren, a littafinsa na 1830, ya sa ta cikin haɗe-haɗensa da har yau ake dafawa, ciki har da wanda ake ba masu shanyewar ɓarin jiki. Ƙa'idar kundin hukuma ita ce giram 6 zuwa 12 a dafa da ruwa.

Sinadarin da aka fi nazari a cikinta shi ne paeoniflorin, wanda masana a Japan suka ware a 1963. Kundin ya shar'anta kada ya gaza kashi 1.8 cikin ɗari na busasshiyar saiwar. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna yana rage kumburi da daskarewar jini, amma hujjar amfaninta ga mutane ba ta kai ƙarfin ta magungunan asibiti ba.

Tsarin gargajiyar ya hana haɗa ta da tsiron lilu mai dafi. Ana kuma gargaɗin mai juna biyu, da mai yawan zubar jini, da mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, kada su sha ta sai da shawarar likita.