Mene ne "ci gaba mai ɗorewa", kuma nauyinsa a wuyan wa yake?

Da wuya ka saurari labaran rediyo a Kaduna yanzu ba ka ji an ambaci "ci gaba mai ɗorewa" ba. Ita ɗorewa mun san ta: in mai yadi ya ce maka wannan zai ɗore, yana nufin zai sha wanki bai koɗe ba. Da aka jingina ta da ci gaba, sai ta zama biyan buƙatar mutanen yau ba tare da an cinye rabon 'yan baya ba. Wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya fayyace ta haka a 1987, sannan a 2015 ƙasashe suka amince da muradu 17 da ake son cimmawa zuwa 2030. Na 11 ya shafi birane, na 12 sarrafa kaya da amfani da su, na 17 kuma haɗa hannu.

Mu nan ba sai an je nesa nemo mana misali ba. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, dubban magidanta suka samu abin rufin asiri. Amma ruwan rinin masaƙu yakan bi magudanar Makera ya faɗa kogin Kaduna, masunta da manoman rani su kwana ciki. Daga bisani ƙarancin wutar lantarki, tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri suka durƙusar da masaƙun. Duba da kyau: wutar a hannun wani take, iyakar ƙasa a hannun kwastam, mai sayen zanen kuwa ni ne da kai. Wane mai masaƙa ne zai iya ɗaukar wannan jinkar da hannu ɗaya?

Shi ya sa kalmar ba ta rabuwa da raba alhaki, wato aikin gayya. Ɗauki ledar fiya wata. Kamfani ya ƙulla, mai shago ya sayar, ka sha ka yar, ta toshe kwata, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakin maƙwabcinka. Hukumar NESREA, mai kula da dokokin muhalli ta tarayya, tana da tsarin da ya ɗora wa kamfani bin sawun kayansa har bayan an gama amfani da su, KEPA, hukumar kare muhalli ta Kaduna, kuma tana sa ido a jiha. Sai dai takarda ba ta tsince leda.

Masu tsincewar su ne 'yan jari bola, kuma yana ci mini rai yadda ake yi musu kallon banza. Abin da suka tara shi ke isa kasuwar Panteka, inda ake narkar da tsohon alminiyam ya dawo tukunya, tsohon ƙarfe ya koma murhu ko ƙofa. Tun kafin a raɗa wa abin suna suke yin sa, yawancinsu ba safar hannu, ba takunkumin hayaƙi. In za a zauna shawara kan sharar garin nan, ina son in ga kujerarsu kusa da ta manajan kamfani.