Zaɓen mai tausa a Amurka da Birtaniya: ina jinsi ya tsaya, ina wariyar launi ta fara?

A Amurka tausa sana'a ce ta makaranta da jarrabawa. Yawancin jihohi ba sa barin mutum ya taɓa jikin kowa don kuɗi sai ya yi karatu na sa'o'i 500 ko fiye, a New York ma sai 1,000, sannan ya karɓi lasisi. Masu zuwa kuwa iri-iri ne: 'yan wasa, direbobin manyan motoci masu ciwon baya, ma'aikatan ofis da wuya ya sanƙare musu. A cikinsu akwai maza da suka fi son namiji ya yi musu. A nan ne koke biyu suke haɗuwa. Baƙin mutum yana cewa ya nemi mai tausa an share shi, mai tausa baƙi kuma yana cewa ana tsallake sunansa ana ɗaukar na fari.

Me ya sa namiji zai nace sai namiji, kuma me ya sa samunsa ke da wuya?

Dalilan a bayyane suke. Musulmin da ke zaune a Bronx ko Birmingham ba ya son macen da ba muharramarsa ba ta taɓa shi, haka ma Bayahuden da ya riƙe addininsa sosai. Wani kunya ce kawai. Wani gudun fitinar gida yake yi. Wani kuma yana ganin hannun namiji ya fi nauyi, ko da yake masu sana'ar za su gaya maka da nauyin jiki ake danna tsoka, ba da ƙarfin damtse ba.

Wuyar kuwa daga lissafi take. Fiye da kashi uku cikin huɗu na masu tausa a Amurka mata ne. Mata da yawa mace suke nema, maza da yawa su ma macen suke nema, don haka gidajen tausa ba sa ɗaukar maza da yawa. Mai neman namiji ya riga ya shiga kasuwa mai ƙarancin kaya. Idan biyu daga cikin 'yan kaɗan ɗin suka ƙi amsa masa saboda launinsa, wataƙila babu saura a garin.

Tunda an yarda mutum ya zaɓi jinsi, me zai hana shi zaɓar launi?

Dokar 'Yancin Jama'a ta Amurka ta 1964 ita ce ta raba su. Babi na bakwai ya hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda launi, asali, addini ko jinsi. Amma ya bar wata 'yar ƙofa: idan aikin da kansa ba ya yiwuwa sai da wani jinsi, ko wani addini, ko ɗan wata ƙasa, ana iya gindaya wannan sharaɗin. Launin fata ba ya cikin jerin. Majalisa ba ta sa shi ba, kotuna kuma ba su ƙara shi ba.

Ko ƙofar jinsin ma ƙunci gare ta. A 1971 kamfanin jiragen Pan Am ya ce fasinjoji sun fi son mata su yi musu hidima a cikin jirgi, shi ya sa ba ya ɗaukar maza. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce son ran kwastoma ba hujja ba ne, domin irin wannan son ran ne aka kafa dokar don a karya. Inda kotuna suka sassauta shi ne inda tsiraici ya shigo, kamar yi wa marar lafiya wanka ko kula da ɗakin canja tufafi.

Shari'ar da ta fi fayyace bambancin ta faru a wani gidan kula da tsofaffi da ake kira Plainfield, a jihar Indiana. Wata tsohuwa ta ce ba ta son baƙar ma'aikaciya ta kula da ita, gidan kuma ya rubuta hakan a takardar rabon aiki ta kullum. Wata rana ma'aikaciyar jinya baƙa ta tarar da tsohuwar a ƙasa ta kasa tashi, dole ta bar ta, ta shiga neman farar abokiyar aiki a cikin ginin. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara da ke Chicago ta ba ma'aikaciyar gaskiya. Ta ce wanda ya nemi jinsinsa lokacin da zai tuɓe, sirrin jikinsa yake karewa. Wanda ya nemi launi kuwa babu wani sirri da launin ke kare masa. Hannun fari da hannun baƙi abu ɗaya suke gani, wuri ɗaya suke taɓawa.

Akwai shari'ar da ta shafi tausa kai tsaye?

Akwai, ko da yake a kan jinsi ce. A 1999 wata kotun tarayya a Arizona ta saurari ƙarar wani mai tausa namiji da aka ƙi ɗauka a wurin tausa na wani otel ɗin Marriott. Otel ɗin ya ce yawancin kwastomominsa mata suke nema, don haka dole yawancin guraben su zama na mata. Kotu ba ta karɓi wannan hujja ba. Baƙo yana iya faɗin jinsin da yake so a ba shi, amma otel ba zai mai da wannan dalilin rufe wa maza ƙofar aiki ba. Idan hujjar ta faɗi a kan jinsi, inda doka ta ɗan buɗe ƙofa, to a kan launi ba ta ma da inda za ta taka.

Idan kuma mai tausar ne ya ƙi karɓar mutum saboda baƙi ne fa?

A nan dokar tarayya tana da giɓin da ba kowa ya sani ba. Babi na biyu na dokar 1964, wanda ya hana korar mutane daga wuraren jama'a, ya lissafo otel-otel, gidajen abinci, gidajen mai da wuraren nishaɗi irin su silima. Bai ambaci shagon aski ko gidan tausa ba, sai dai idan yana cikin otel ko wani wurin da dokar ta ambata.

Abin da ke cike giɓin tsohuwar doka ce ta 1866, wadda aka yi bayan yaƙin basasa, yanzu ana kiran ta sashe na 1981. Ta ce kowa yana da 'yancin ƙulla ciniki daidai da na farar fata. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara da ke Richmond ta duba ƙarar wata mata da ta saya wa mahaifiyarta hidima a wani shagon kwalliya da tausa na Elizabeth Arden a Virginia, aka ce mata shagon ba ya gyaran gashin baƙaƙe. Kotu ta ce babi na biyu bai shafi shagon ba, amma ta bar ƙarar ta ci gaba a ƙarƙashin dokar 1866. Sai dai a 2020 Kotun Ƙoli ta ƙara wa masu ƙara nauyi a wata shari'a da ta shafi kamfanin Comcast: dole mai ƙara ya nuna cewa ba don launinsa ba da an yi cinikin, bai isa a ce launin yana cikin dalilai ba.

Dokokin jihohi sun fi faɗi. Ta California, wadda ake kira Unruh, tun 1959 ta haɗa kowace irin harkar kasuwanci. A Birtaniya abin ya fi sauƙin fahimta, domin Dokar Daidaito ta 2010 ta hau kan duk mai sayar wa jama'a hidima, ko kamfani ne ko mutum ɗaya da gadon tausarsa a bayan mota. Ta yarda a keɓe hidima ga jinsi ɗaya idan akwai taɓa jiki kuma da dalili mai ƙarfi. Ba ta ba da irin wannan izini ga mai korar kwastoma saboda launi ba.

To me ya sa koken bai ƙare ba, tunda doka ta hana?

Saboda ba wanda ke faɗa da baki. Maza masu tausa da yawa zaman kansu suke yi, ta waya ko intanet ake neman su, a gidansu ko gidan kwastoma suke aikin. Ka aika saƙo, a ce ka turo hoto don tsaro, ka tura, sai shiru. Ko a ce mako ya cika. Ko kuɗin ya tashi daga abin da aka rubuta a talla. Wanne daga ciki za ka kai gaban alƙali?

Masu bincike sun auna irin wannan shirun a wata kasuwa mai kama da ita. A 2015 wasu malamai daga makarantar kasuwanci ta Harvard suka aika saƙonni kusan 6,400 ga masu ba da hayar ɗaki a Airbnb, shafin intanet na neman masauki, a birane biyar na Amurka. Saƙon iri ɗaya ne, suna kaɗai ya bambanta. Sunayen da suka yi kama da na baƙaƙen Amurka sun sami amincewa ƙasa da na farare da kimanin kashi 16 cikin ɗari. A 2018 kamfanin ya daina nuna wa mai gida hoton baƙo sai bayan ya amince. Ɗakin haya ba gadon tausa ba ne, amma yanayin ɗaya ne: mutum ɗaya, a wayarsa, yana yanke shawarar wanda zai shigo masa gida ba tare da kowa yana kallo ba.

Maganar tsaro gaskiya ce, masu tausa suna haɗuwa da 'yan iska da masu neman abin da ba tausa ba. Amma tsaro yana da hanyoyinsa: katin shaida, kuɗin kafin alƙalami, tambayoyin lafiya, kuma a yi wa kowa. Wanda yake neman hoto daga wasu kaɗai ba tsaro yake nema ba.

Amma jikina ne. Wa zai tilasta mini in kwanta wa wanda ban so ba?

Babu. Doka ba ta kama kwastoma, gidan tausar take kamawa. Kana iya tashi ka tafi, kana iya duba hotuna ka zaɓi wanda ka ga dama, ba ɗan sandan da zai tambaye ka dalili. Abin da ba ka da shi shi ne ikon sa gidan ya zama ɗan aikenka, ya janye ma'aikacinsa daga aiki saboda launinsa don ya faranta maka. A wannan sana'a da yawa ana biyan su ne gwargwadon yawan waɗanda suka tausa, ga kuma ihsanin da kwastoma ke bayarwa. Duk wanda aka tsallake, abincinsa aka rage.

A ganina wannan rabon ya yi daidai. Haka mai tausa shi ma yana da ikon korar wanda ya zo a buge, ko ya yi masa maganar banza, ko yake da cutar da tausa za ta ƙara. Duk waɗannan abin da mutum ya yi ne ko halin da yake ciki, ba yadda aka haife shi ba.

Ba a cewa wasu al'ummomi sun fi iya tausa? Neman su ma wariya ne?

Neman salo daban, neman fuska daban. Tausar gargajiya ta Tailan ilimi ne na gaske, UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2019, kuma ana koyar da ita ga 'yan kowace ƙasa a makarantar Wat Pho da ke Bangkok. Ka tambayi inda mutum ya koya, wannan tambaya ce mai kyau. Ka ce sai ɗan Asiya, ka bar maganar ilimi ke nan.

Irin wannan yabon yana da baya mai duhu. Zaton da ake yi wa 'yan Asiya masu tausa, cewa masu biyayya ne kuma ana iya neman wani abu daban a wurinsu, ya sa sana'ar ta zama musu haɗari. A ranar 16 ga Maris 2021 wani mutum ya harbe mutum takwas a gidajen tausa uku a yankin Atlanta, shida daga cikinsu mata ne 'yan asalin Asiya.

Baƙi kuma ƙarfi ake jingina masa, ko yana tausar ko ana yi masa. Wani bincike na Jami'ar Virginia da aka buga a 2016 ya tambayi fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitoci 222, kusan rabinsu suka amince da aƙalla ɗaya daga cikin wasu ƙarairayi game da jikin baƙar fata, kamar cewa fatarsa ta fi kauri. Idan a makarantar likita ma akwai wannan, baƙin da ya hau gadon tausa ya faɗi da bakinsa iyakar dannar da yake so tun kafin a fara.

Baƙin da ya nemi baƙi ɗan'uwansa fa?

Dalilinsa yakan bambanta, sau da yawa gudun wulaƙanci ne daga wanda ya taɓa sha. Ina fahimtarsa. Amma doka ba ta duba ta wane ɓangare bambancin ya fito. Gidan da ya raba aiki da launi ya saɓa, ko wa ya roƙa. Mafita ita ce mutum ya nemi mai tausarsa da suna, kamar yadda kowa ke da wanzaminsa.

Wanda abin ya same shi, me zai yi?

Ya adana komai a rubuce: tallar, saƙonnin, ranar da sa'ar, kuɗin da aka faɗa. Idan an ce babu wuri, ya sa wani abokinsa fari ya nemi wannan lokacin a ranar. Da irin wannan gwajin ƙungiyoyin kare haƙƙin masu haya suka daɗe suna kama masu gidaje a Amurka, kuma kotuna suna karɓarsa.

Kwastoma a Amurka zai kai kuka hukumar kare haƙƙin jama'a ta jiharsa da hukumar da ke ba masu tausa lasisi. Ma'aikaci kuwa EEOC zai je, wato hukumar tarayya mai hana wariya a wurin aiki, cikin kwana 180, ko 300 a jihohin da ke da tasu hukumar, muddin gidan yana da ma'aikata 15 ko fiye kuma shi ma'aikaci ne ba ɗan kwangila ba. Ɗan kwangila sai dokar 1866. A Ingila kwastoman da aka ƙi saboda launi yana da wata shida ya shigar da ƙara a kotun yanki.